Katin da Mai Tafireta Ya Riƙe

A asibitin da na yi aiki shekara talatin da ɗaya akwai tafireta goma sha huɗu, kuma mutum ɗaya ne ya san ciwon kowacce. Ba ma'aikacin asibiti ba ne. Shagonsa yana bayan gidan waya, tsakanin mai gyaran takalma da mai wankin hoto, ɗan ɗaki ne wanda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa. Duk ranar Talata yakan zo a kan kekensa, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya, ya bi ofis-ofis. Mai Tafireta muke ce masa. Shi kuma yana ce mini Akawu, ko da yake mu shida ne akawuna a ginin.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana sa tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Tun daga baranda yake gane injin da ba shi da lafiya. Ya taɓa tsayawa a ƙofar ofishina, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Akawu, wa ya shayar da wannan baiwar Allah man girki?"

Na ce, "Ƙara take yi, shi ne na ɗan ɗiga mata."

"Kai ma in ka yi ƙara sai a ɗura maka mai? Tashi ka ba ni wuri. Ku masu boko, in alƙalami ne a hannunku kun fi kowa hankali, in sukudireba ce sai an ɗaure ku."

Hannunsa abin kallo ne. Sifirin ɗin da ke mayar da harafi mazauninsa bai kai ƙwayar shinkafa kauri ba. Yakan ɗauke shi da hantsaki, ya maƙala shi can cikin injin, yana ba ni labarin wani abu dabam, ko kallon wurin ba ya yi.

A shekarun da nake magana kayan gyara sun daina zuwa, don kamfanin da ke kawo su ya rufe reshensa. Abokan sana'arsa suka koma gyaran rediyo. Shi bai koma ba. Ya riƙa naɗa sifirin da wayar birkin keke, yana goge ƙarfen laima ya mai da shi sandar harafi. In abin ya gagari ƙira, sai ya zauna ya zuba wa injin ido har ya gano wani ƙarfe a kusa wanda zai iya ɗaukar aikin wanda ya mutu. Yakan ce, "Inji bai san sunan ƙarfen da ke cikinsa ba. In wannan ya mutu, ka lallaɓi maƙwabcinsa." Da wannan dabara ya riƙe injunanmu a raye, da ita ya ciyar da mata da 'ya'ya huɗu.

Ni tarbiyyata dabam ce. A makarantar mishan shugabanmu yana yawo da rula a hannu, kuma ƙa'idarsa ɗaya: amsa abin da aka tambaye ka, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka fita layi. Saboda tsabtar aikina ne Babban Likita, wato likitan ƙashi na asibitin, ya zaɓe ni in riƙe masa fayilolin bincikensa.

Binciken a kan karayar gwiwar hannu ne. Akwai wata jijiya da ke bi ta bayan gwiwa, ita ce in ka buge gwiwarka kake jin zirr har ƙaramin yatsa. Ita ke ba ƙananan naman cikin tafin hannu ƙarfi, waɗanda ake aikin ƙwarewa da su. In gwiwa ta karye, sau da yawa wannan jijiya takan daina aiki. Wani lokaci bugu kawai ta sha, in an jira takan farfaɗo da kanta. Wani lokaci kuwa ta yanke ne ko ta maƙale, kuma in ba a buɗe an gyara ta da wuri ba, naman da take ciyarwa sai ya bushe, ba ya kuma dawowa. Babban Likita yana so ya san tsawon jiran da ba ya cutarwa. Sai ya sa doka: duk wanda aka yi wa aikin gwiwa kuma jijiyarsa ta yi shiru, za a riƙa gwada shi kowane wata. In wata huɗu suka cika ƙarfi bai dawo ba, a koma da shi tiyata a duba jijiyar.

Gwajin mai sauƙi ne, shi ya sa aka bar mini. Majinyaci zai matse katin fayil tsakanin babban yatsa da gefen manuni. A jikin katin akwai huji, in maƙala ƙaramin sikeli na rataye, in ja a hankali ina kallon allura. In allura ta kai kilo biyu katin bai suɓuce ba, ya riƙe. A fom ɗin layi ɗaya ne da gida biyu: ya riƙe, bai riƙe ba. Babban Likita ya nuna mini sau ɗaya a hannunsa, ya ce, "Idonka a kan allura." Na rubuta wannan a littafina.

Wata Talata Mai Tafireta bai zo a kan keke ba, a bayan motar ɗaukar kaya aka kawo shi. Ya ɗauko injin ofishin magani da ya kai shago ya gyara, direban wata mota da ke tsaye ya buɗe ƙofa a gabansa. Waɗanda suka gani sun ce da keken ya karkata, maimakon ya tare ƙasa da tafin hannu sai ya juya ya rungumi injin. Gwiwarsa ta dama ta daki bakin kwalbati. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙashin kuwa ya rabu gida uku.

Babban Likita ya haɗa shi da ƙarfe da ƙusoshi shida. Maganin barcin bai karɓe shi ba, ya kwana uku yana amai, kuma mutumin da ke gadon kusa da shi, wanda aka shiga da su tiyata rana ɗaya, bai tashi ba. Da na je duba shi a rana ta huɗu, na tarar da matarsa zaune a bakin gado tana yi masa fifita da murfin kwali. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana.

Ya ce, "Akawu, sun nuna mini hoton. Aikin likitan nan ba laifi, amma ƙusa ta biyar ta ɗan karkace. Da ni ne da na sake ta."

Matar ta ce, "Ka ji shi ko, Malam Akawu? Ana ta lafiyarsa, yana ta ƙusa."

Ya ɗaga hannun da ke cikin filasta ya nuna mini yatsu biyu na ƙarshe. "Waɗannan biyun sun tafi yajin aiki. Ko allura aka soka musu ba su sani ba."

Haka ya shiga binciken. Lambarsa talatin da ɗaya, ni na buga ta a fayil da injin da shi ya gyara.

Wata na farko, bayan an cire filasta, katin ya suɓuce kafin allura ta motsa. Wata na biyu ma haka. A wata na uku ya riƙe numfashi, jijiyoyin wuyansa suka tashi, katin ya zame kamar an shafa masa sabulu. Ya daɗe yana kallon hannun.

"To yanzu sai me?"

Na ce, "Saura wata ɗaya. In bai riƙe ba, za a sake buɗewa."

"A sake sa ni barcin nan?"

"Haka dokar ta ce."

"Wanda ya rubuta dokar ya taɓa shaƙar abin?" Sannan ya ce, "Shago a rufe wata uku, Akawu. Injin makaranta biyu da na kotu suna can suna jirana. In aka sake yanka ni, sai wata uku kuma, in ma na tashi ke nan." Ya ɗauki kati ɗaya daga tebur yana jujjuya shi. "Ara mini wannan."

Na ba shi. Kati ba abin rowa ba ne, akwai su kwali-kwali.

A wannan watan ne aka gayyaci Babban Likita ƙasar waje ƙarin karatu. An ce wata shida, sai ya zama goma. Ƙaramin likitan da ya bari yana fama da tiyata safe da yamma, abin da ke gare shi kawai shi ne ya duba fom ɗin da na cika, ya ware waɗanda ba su riƙe ba, ya sa su a layin tiyata.

Ranar gwaji na huɗu Mai Tafireta ya shigo da murmushi, matarsa na biye. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ja, Akawu. Kada ka ji tausayina."

Na maƙala sikeli na ja. Allura ta wuce rabin kilo, ta wuce ɗaya, ta kai biyu. Na ƙara ja don in tabbatar, ta kai biyu da rabi, katin yana nan daram. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Sista mai kula da ɗakin ta leƙo ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Talatin da ɗaya ya riƙe!" Ta tafa hannu. Matarsa ta rufe fuska da gefen mayafi tana gode wa Allah. Na ɗauki alƙalami na yi alama a gidan farko, da kyau, ban fita layi ba.

Ya koma shago. Ya ci gaba da zuwa gwaji kowane wata, kuma kowane wata yana riƙewa. Amma na lura Talatarsa ta yi tsawo. Aikin da yake gamawa kafin shayin safe yanzu yana kai shi azahar. Wata rana ina zaune sifirin ya yi tsalle daga hantsakinsa sau uku, muka durƙusa mu biyu muna nema a ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Hannun nan ya koyi lalaci. Ƙarfi akwai, wayo ne babu. Kuma 'yan yajin aikin nan har yanzu ba su dawo sosai ba."

Na ce, "Likita ya ce ji shi ne yake zuwa a ƙarshe. Fom ya nuna kana warkewa."

"To, tunda fom ya faɗa." Ya yi dariya. "Fom ai ba ya ƙarya, ko ba haka aka koya muku a mishan ba?"

Na ga wani rami ya fara faɗawa a bayan hannunsa, tsakanin babban yatsa da manuni. Na gani da idona. Na ce a raina duk hannun da ya kwana cikin filasta yakan rame. Kuma babu gidan rami a fom.

Babban Likita ya dawo wata goma sha huɗu bayan karayar. Satin farko ya sa a kira duk waɗanda suka warke ba tare da tiyata ta biyu ba, don su ne ƙashin bayan abin da zai rubuta. Mai Tafireta ya zo cikin fararen kaya, ya ce mini a baranda, "Yau dai ɗan makarantarka zai ci jarrabawa a gaban shugaba."

Likita ya karɓi hannun ya juya shi, sai na ga fara'arsa ta ɗauke. Ya shafa ramin nan da yatsa. Ya ce, "Buɗe yatsunka. Haɗa su." Yatsun suka ƙi haɗuwa. Ya ce mini, "Yi gwajin in gani."

Na maƙala sikeli na ja. Na ce, "Kilo uku, ranka ya daɗe."

"Bar allura. Dubi babban yatsansa."

Na duba. Karo na goma sha ɗaya ke nan da nake gwada mutumin nan yana riƙewa, amma ranar na fara kallon hannun sa'ad da nake ja. Kan babban yatsan ya lanƙwashe kamar ƙugiya, farcen ya nutse cikin katin.

Likita ya ce, "Baba, miƙe yatsan nan sambal, kamar yadda yake a hannunka na hagu. Yauwa. Akawu, ja."

Allura ba ta ko motsa ba. Katin ya fito ya yi lilo a jikin sikeli.

Likita ya zauna a bakin tebur. Ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Naman da ke matse kati da miƙaƙƙen yatsa, jijiyar da ta ji ciwo ce ke ciyar da shi. Wanda ke lanƙwasa kan yatsa kuwa yana can cikin dantse, kuma wata jijiya ce dabam mai lafiya ke ba shi ƙarfi. Jijiyar gwiwa ba ta taɓa farfaɗowa ba.

Mai Tafireta ya cire tabarau. Ya ce, "Wato maƙwabci ne yake ta yin aikin."

"Wa ya koya maka haka, Baba?"

"Ba kowa. An ce in riƙe kati, na ga wannan ƙarfen ba ya ja, na nemi wanda ke ja." Ya dubi likitan. "Ban yi don in cuci kowa ba, Likita. Na ɗauka in kati ya tsaya, hannu ya gyaru. A wurinmu in harafi ya bugu a takarda, ba a tambayar wane ƙarfe ya tura shi."

Likita ya ɗauki fom ɗin ya daɗe yana kallon layin nan ɗaya. Ya ce, "Ni na rubuta wannan. Ban sa maganar yatsa ba, don a hannuna da na nuna masa miƙe yake, ban yi tunanin faɗa ba." Sikelin yana hannuna, ban san inda zan ajiye shi ba.

Wannan karon bai yi gardamar tiyata ba. Da aka buɗe, aka tarar da jijiyar ta maƙale tsakanin tsagin ƙashi, ƙashin ya warke ya haɗiye ta. Aka ciro ta, aka yanke inda ya mutu, aka ɗinke. Likita ya gaya masa gaskiya tun kafin ya bar gado: wataƙila ji ya ɗan dawo, amma naman tafin hannu ya wuce shekara babu abinci. Da a wata na huɗu ne aka buɗe, da akwai kyakkyawan fata.

Na yi mako uku ban iya zuwa gidansa ba. Ranar da na je, da la'asar ce, yana zaune a tsakar gida a kan benci, hannun rataye a wuya. Matarsa ta kawo mini ruwa, ta tsaya ba ta koma ba.

Ta ce, "Malam Akawu, ni na ja masa katin. Kullum bayan ya ci abinci sai ya ce in zo in ja. Wata guda cur. Ranar da ya fara riƙewa har rawa na taka a nan wurin, yara suna mini dariya." Ta dubi tafin hannunta. "Ashe da hannuna na..."

Ya ce, "Ke, bar wannan magana. Ke kin ja, shi ya auna, ni na lanƙwasa, likita ya hau jirgi. In rabon laifi za a yi, kowa ya kawo kwanonsa, ya ishe mu har da ragowa."

Na ce, "Na ga ramin a hannunka tun wata na bakwai."

"Na san ka gani. Ni ma na gani, ai a jikina yake." Ya gyara zama. "Akawu, ka san abin da ya fi ci mini rai? Aikin ya yi kyau. Wata guda na yi ina nazarin hannun nan kamar injin kotu. Ban taɓa yin gyaran da ya kai shi wayo ba."

Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ba ta kai ciki. Matar ta shige ɗaki.

Ji ya ɗan dawo a ƙaramin yatsa bayan shekara, har yana gane zafi da sanyi. Ƙarfi bai dawo ba. Yatsu biyun suka ɗan naɗe, tafin ya zama kamar faifai. Yana iya ɗaukar guduma, yana iya riƙe kan keke, amma hantsaki ya fi ƙarfinsa. Ya gwada koya wa hannun hagu, ya yi wata shida yana yi, sai dai abin da dama ta koya a shekara talatin hagu ba ta kama shi a lokacin furfura. Injunanmu suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Yakan zo har yanzu ranar Talata, ya tsaya a bayana ya ce, "Can ciki, Akawu, hagu kaɗan. Hagu na ce! Wai a mishan ba a koya muku hagu ba?" Ni ina riƙe da hantsaki ina zufa. Wani lokaci mu dace. Sau da yawa sifirin ya yi tsalle, mu bi shi ƙarƙashin tebur. Daga baya ya bar wa mai gyaran takalma shagon, ya koma zama a ƙofar gida yana faci da gyaran birkin keke, aikin da dunƙulallen hannu ke iyawa.

Abin da ban zata ba shi ne ya ci gaba da zuwa gwaji. Likita ya ce ba dole ba ne. Shi ya ce an sa shi a lissafi, ba zai fita ba sai an rufe littafi. An sake buga fom, an ƙara layi na biyu: babban yatsa a miƙe yake? Aka kira duk waɗanda na taɓa yi wa alamar sun riƙe, aka sake gwada su. Mutum biyu aka samu suna lanƙwasawa ba su ma sani ba, wata mai ɗinki da wani direba, dukansu ba su wuce wata biyar ba. Aka buɗe su a kan lokaci. Mai ɗinkin ta koma kan keken ɗinkinta.

Da binciken ya fito a mujallar likitoci, Babban Likita ya ba ni kwafi in kai masa. A shafi na huɗu akwai hoton hannu biyu riƙe da kati, ɗaya yatsa a miƙe, ɗaya a lanƙwashe. Babu fuska, babu suna, sai lamba talatin da ɗaya. Na fassara masa abin da aka rubuta a ƙarƙashi, cewa majinyaci mai basira yana iya cin wannan gwaji da jijiya matacciya, saboda haka mai gwaji ya kalli yatsa.

Ya ce, "Mai basira suka ce?"

"Haka suka ce."

Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Zo ki ji. Shekara nawa ina gaya miki, sai da Turawa suka buga a littafi." Ta zo ta karɓi mujallar, ta kalli hoton, ta ce, "Ko farcen ba ka yanke ba." Ta juya da sauri ta ba mu baya.

Gwajinsa na ƙarshe ya faɗo wata uku kafin in yi ritaya, shekara biyar bayan karayar. Lokacin an kawo sababbin injuna masu lantarki, tsofaffin an tara su a sito, ya roƙi Sista ta buɗe masa ya gan su. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana danna harafi da hagu, yana faɗin ciwon kowacce. Da ya zo kan ta ofishin magani, wadda ya runguma ranar da ya faɗi, ya danna, harafin ya tashi ya koma tsaf. Ya ce, "Kin ga ke lafiyarki ƙalau." Sannan muka koma ɗakin gwaji.

Ya zauna, ya naɗe hannun riga. Na sa masa kati, na maƙala sikeli. Ya dube ni ta saman tabarau, sai ya lanƙwasa yatsan da gangan, katin ya kafe.

"Ja mana. Ka ga ko kilo huɗu zan kai yau."

Na ce, "Miƙe shi, Mai Tafireta."

"Au, yanzu kana kallo?"

"Ina kallo."

Ya miƙe yatsan. Na ja kaɗan, katin ya zame ya faɗi a kan tebur. Ya sa hagu ya ɗauka, ya sa a aljihun gaba.

"Rubuta, Akawu. Kada ka fita layi."

Na rubuta bai riƙe ba, yatsa a miƙe, na rufe fayil ɗin.

Ya rasu bayan shekara biyu, ciwon ƙirji na kwana tara. Da na je gaisuwa, matarsa ta fito mini da akwatin kayan aikinsa, ta ce 'ya'yan babu mai sha'awa, kuma marigayin ya ce ni na san hagu da dama yanzu. Na buɗe a gida. Hantsaki uku ne a ciki, da sukudireba jere bisa girma, da gwangwanin sifirin da ya naɗa da wayar birki. A ƙasan akwatin na sami katin farko da na ara masa. Ya yi laushi kamar tsumma, kuma gefe ɗaya duk sawun farce ne, ɗaya kan ɗaya, har ya huda.